Yadda ake bi inshora ta biya tiyatar gyara bayan tiyatar rage ƙiba a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina aiki a ofishin likitan tiyatar rage ƙiba a nan New York, ni ba likita ba ce ba kuma nas ba, aikina takardu ne, ni ke zama tsakanin mara lafiya da kamfanin inshora ina haɗa fayil ina turawa ina bin sawu har a ce an amince ko an ƙi. To a 'yan shekarun nan da wuya in je suna ko walima a Bronx wata ba ta ja ni gefe ta rage murya ta ce "Anti ni fa an min silib shekara biyar ke nan, yanzu ƙwannafi ya hana ni barci kuma jikin yana dawowa, wai inshora za su biya a sake?" Suna biya, na ga sun biya ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, amma wanda zai karanta fayil ɗinki can bai taɓa ganinki ba, bai san kina kwana a zaune ba, abin da ke rubuce a takarda kawai ya sani. Don haka duk aikin da zan kwatanta a nan aikin mayar da wahalarki takarda ne. Zan riƙa cewa "ke" saboda yawancin masu zuwa mana mata ne, amma maza ma hanyar ɗaya ce.

Ki fara gane abu ɗaya kafin komai. Ƙofa biyu ake shiga neman tiyatar gyara. Ta farko ita ce tiyatar farko ta haifar da matsala: mai silib, wato wadda aka yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbinta aka bar siriri kamar ayaba, ƙwannafi mai tsanani ya kama ta ko wurin ya tsuke abinci ba ya wucewa; mai zoben Lap-Band, wato wadda aka ɗaure wa saman tumbi da zobe, zoben ya zame ko ya ci cikin naman tumbin; mai baifas, wato wadda aka ware mata ƙaramin tumbi aka haɗa shi da hanji kai tsaye, ta samu gyambo a mahaɗar tumbi da hanji ko ɓarauniyar hanya ta buɗe tsakanin ƙaramin tumbin da tsohon. Ƙofa ta biyu ita ce ba wata matsala sai dai nauyin bai sauka yadda ake so ba ko ya sauka ya dawo. Ƙofar farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, sau da yawa ba sa ma duba nauyinki. Ta biyu kuwa sai kin cika sharuɗɗa kamar wadda ba a taɓa yi wa ba, wani lokacin har da ƙari.

Kayan da za ki tanada

Katin inshorarki gaba da baya. Folda mai kauri guda ɗaya da littafi na musamman da biro, kar ki riƙa rubutu a bayan ambulan. Rahoton tiyatar farko wanda likitan da ya yi aikin ya rubuta da kansa, shi ne sarkin takardun duka. Takardar sallama daga asibiti. Tarihin nauyinki, wato nauyinki ranar tiyata da mafi ƙanƙantar da kika taɓa kaiwa da na yanzu, kuma wanda aka auna a asibiti ba na sikelin banɗakinki ba. Jerin magungunan da kika karɓa daga famasi na shekara ɗaya ko biyu, kyauta suke bugawa in kin tambaya. Sakamakon gwajin jini na baya-bayan nan. Sai kuma lokaci, ki sa wa ranki wata huɗu zuwa tara tun daga kiran farko har ranar tiyata in ba gaggawa ba ce. In Turancin asibiti yana miki wuya ki ce a kira miki tafinta na Hausa, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya dole ne ya samar miki kyauta, yawanci ta waya ake haɗawa, kuma dan Allah kar ki sa ɗanki ɗan shekara sha biyu ya riƙa fassara miki maganar tiyata.

1. Ki fara sanin ko tsarin inshorarki ma yana da wannan tiyatar

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa su yi wata shida suna wahala a banza. Ki juya katin ki kira lambar da ke baya, littafinki a buɗe, ki rubuta kwanan wata da sa'a da sunan wanda ya ɗauka, kuma kafin ki ajiye ki ce ya ba ki lambar shaidar wannan kiran. Tambayoyin su ne: tsarina yana biyan tiyatar rage ƙiba ko an cire ta? Yana biyan ta gyara? Akwai dokar sau ɗaya a rayuwa? In tiyatar farko ba ku kuka biya ba ko a waje aka yi ta, za ku biya gyaran matsalar da ta haifar? Dole sai a wani asibiti na musamman? Sannan ki ce su turo miki rubutacciyar ƙa'idarsu ta tiyatar rage ƙiba, kowane babban kamfani yana da ita, shafi ne da yawa amma sashen gyara bai fi rabin shafi ba, shi za ki ja wa layi.

Ga inda ake ruɗewa. Mutum biyu za su iya riƙe kati mai suna iri ɗaya, a biya wa ɗaya a hana ɗaya, saboda yawancin manyan wuraren aiki su ke biyan kuɗin maganin ma'aikatansu daga aljihunsu, kamfanin inshorar gudanarwa kawai yake, kuma irin wannan tsarin dokar tarayya ta ERISA ce ke kansa ba dokar jiha ba, mai wurin aikin shi ke zaɓar ya sa tiyatar ƙiba ko ya cire. Don haka ki je ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinki ko na maigidanki ki nemi cikakken littafin bayanin tsarin, ki buɗe shafin abubuwan da ba a biya ki karanta da idonki. In kuma da kanki kika sayi inshora a kasuwar Obamacare to ya danganta da jiha, New York da Maryland suna cikin jihohin da tiyatar ke cikin abin da dole a biya, Texas ba ta ciki. Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, a yawancin jihohi tana biya amma kowace jiha da nata sharuɗɗan. Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi da masu naƙasa, tana biya wa mai BMI (ma'aunin ƙiba da ake lissafawa da nauyi da tsawo) 35 zuwa sama da ke da ciwo aƙalla ɗaya mai alaƙa da ƙiba kuma an gwada wasu hanyoyin ba su yi ba.

In aka ce miki an cire tiyatar gaba ɗaya daga tsarin kar ki rufe littafin tukuna, ki tsallaka zuwa mataki na 8, akwai sauran hanya.

2. Ki nemo rahoton tiyatar farko tun yau

Shi ya fi komai jan lokaci shi ya sa na sa shi da wuri. In a Amurka aka yi miki, ki kira sashen ajiye bayanan marasa lafiya na asibitin, ba ofishin likitan kawai ba, ki cika fom, a dokar HIPAA kwana 30 gare su su ba ki, za su iya ƙara wani 30 sau ɗaya in sun rubuto dalili. In likitan ya yi ritaya ko ya rufe ofis asibitin da aka yi aikin yana da kwafi.

Mu namu mutanen da yawa a Turkiyya ko Indiya ko Masar ko Meziko aka yi musu, suka dawo da 'yar takarda guda mai tambari da ba ta faɗi komai ba. Ki tura wa asibitin saƙo, ko wanda ya yi miki hanya a lokacin in har yanzu lambarsa na WhatsApp ɗinki, ki ce cikakken rahoton aikin kike so da Turanci. In da wani yare ya zo ki kai wa masu fassara da ke buga shaida. In ya gagara kwata-kwata ba shi ke nan ba, sabon likitan zai iya tabbatar da irin aikin da aka yi ta hanyar leƙa ciki da kyamara da kuma hoton bariyom (bayaninsu na mataki na 4) ya rubuta a wasiƙarsa cewa an nemi rahoton ba a samu ba. Don nauyin ranar tiyata kuwa ki koma wajen likitanki na yau da kullum, yawanci akwai awon da aka yi miki 'yan watanni kafin ki tafi, shi ma yana tsayawa. Kuma kar ki ɓoye cewa a waje aka yi, da an sa kyamara za a gani.

3. Ki zaɓi likitan da ke yin gyara a kai a kai

Tiyatar gyara ta fi ta farko wuya da haɗari, saboda ciki ya riga ya yi tabo, nama ya manne da nama, haɗarin yoyo a wurin ɗinki da zubar jini ya fi yawa. Ki tambayi likitan ido da ido guda nawa irin taki yake yi a shekara, ba rashin kunya ba ne, likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar. Ki tabbatar shi da asibitin duka suna cikin jerin waɗanda inshorarki ke hulɗa da su, don yakan faru likitan na ciki asibitin na waje. Ki duba asibitin yana da shaidar MBSAQIP, wato shaidar ingancin da ake ba asibitocin tiyatar rage ƙiba, kamfanoni da yawa ba sa biya sai a irin wannan. Sannan ki tambaya wa ke haɗa takardun inshora a ofishin, ki san sunansa da lambarsa, da shi za ki fi yin magana fiye da likitan.

4. Gwaje-gwajen da za su zama hujjarki

Nan ne zuciyar aikin, nan zan ɗan daɗe. Ki ce "ina fama da ƙwannafi" wannan labari ne a wurinsu, amma hoton maƙoshinki da asid ya ƙona hujja ce. Gwajin farko shi ne endoskofi, a sa ki barci a zura kyamara ta baki a leƙa maƙoshi da tumbi, minti ashirin an gama. Likitan zai ba ƙunar daraja daga A zuwa D, C da D su ne masu tsanani kuma su ne inshora ba ta cika musu a kai ba, haka in aka ga fatar maƙoshin ta fara canzawa abin da suke kira Barrett, ko aka ga tumbin ya leƙa sama cikin ƙirji. Na biyu hoton bariyom, ki sha farin ruwa mai kauri kamar kunun alli ana ɗaukar hoto yana sauka, shi ke nuna silib ya buɗe ko ya murɗe ko ya tsuke, ko zoben ya zame. In endoskofi bai nuna ƙuna sosai ba alhali ke kin san abin da kike ji, ki yi wa likitan maganar gwajin auna asid, ana liƙa ɗan ƙaramin na'ura a maƙoshi ta yi kwana biyu ko fiye tana lissafa sau nawa asid ya taso, yawanci sai an dakatar da maganin ƙwannafi kamar mako guda kafin a yi, makon yana da wuya amma sakamakon ya sha ceto fayil ɗin da aka riga aka ƙi.

Sai maganar magani. Inshora tana so ta ga an gwada magani bai yi ba kafin a kai ga wuƙa, wato omeprazole ko pantoprazole da ire-irensu, sau biyu a rana in likita ya ce, na tsawon watanni. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yi shekara biyu yana sayen omeprazole da kuɗinsa a kan kanta ko ana kawo masa daga gida, babu inda aka rubuta, a idon inshora bai taɓa shan magani ba. Daga yau ki sa likita ya rubuta miki ki karɓa a famasi da katinki don ya shiga tarihi.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, silib aka yi mata a waje, da ta zo ta zauna gabana ta buɗe jaka wallahi kwalaben maganin ƙwannafi uku na ƙirga, ta ce filo uku take jerawa ta jingina da bango ta kwana, duk da haka wajen ƙarfe uku na dare sai ruwa mai ɗaci ya taso ya shaƙe ta ta farka tana tari, shayin safe ma ta bari. Amma da na buɗe bayanan likitanta na yau da kullum abin da aka rubuta a ziyara huɗu a jere shi ne nauyi ya ƙaru, don ita duk zuwan da ta yi maganar ƙibar take yi, tana ganin ƙwannafi ba abin faɗa wa likita ba ne. Da haka aka ƙi ta karon farko. Sai da aka yi endoskofi aka ga ƙuna mai daraja C sannan maganar ta juya. Don haka duk ziyara ki faɗi abin da ke damunki dalla-dalla, sau nawa kike amai a mako, me kika daina ci, yaya kike kwana, kuma ki tabbatar an rubuta. Ban ce ki ƙara gishiri ba, ki faɗi abin da ke akwai kawai, gwajin zai ƙaryata duk abin da babu, kuma tiyatar da aka yi kan bayanin da ba daidai ba jikinki ne zai ɗauke ta.

5. In ta ƙofar nauyi za ki shiga

Yawancin kamfanoni har yanzu ƙa'idar 1991 suke bi, wato BMI 40 zuwa sama, ko 35 zuwa sama tare da ciwon suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fannin sun sauko da ma'aunin zuwa 35 ko babu wani ciwo, da 30 ga mai ciwon suga da makamantansa, wasu kamfanonin sun fara bi wasu ba su bi ba, rubutacciyar ƙa'idar da kika karɓa a mataki na 1 ita za ta faɗa miki. Lissafin BMI ba wuya, nauyi a kilo a raba da tsawo a mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Mai tsawon mita 1.65 da kilo 100 tana da 36.7, in ta sauko kilo 95 ta koma 34.9, kin ga kilo biyar sun fitar da ita daga layi. Shi ya sa za ki tambaya tun farko wane awo suke ɗauka, na ziyarar farko ko na dab da tiyata. In BMI ɗinki tsakanin 35 da 40 yake kuma ana ce miki kina minshari ko kina tashi da ciwon kai da gajiya, ki nemi gwajin barci, mutane da yawa suna da ciwon ba su sani ba, kin ga an gano ciwon da ke buƙatar magani kuma ya shiga fayil.

Ga ƙarin da ake yi wa masu gyara. Wasu kamfanoni suna so a ce shekara biyu ta wuce da tiyatar farko kuma ba ki rage rabin nauyin da ya yi miki yawa ba. Kusan dukkansu kuma suna so su ga kin bi dokar likita bayan tiyatar farko, kin je ziyara, kina shan bitamin, kina bin tsarin abinci, don in suka ga shekara huɗu ba ki leƙa kowa ba za su ce laifin ba na tiyatar ba ne. In ke ce wannan, hanyar gyarawa ita ce ki fara sabon tarihi yanzu, kuma in gwaji ya nuna tumbin ko mahaɗar ta buɗe to wannan hujja ce ta jiki da ke taimakawa ƙwarai.

Sai zaman rage nauyi ƙarƙashin kulawar likita ko masaniyar abinci, wata 3 ko 6, sau ɗaya kowane wata kuma a jere. A jere fa na ce. Na ga wadda ta yi wata huɗu lafiya lau sannan ta tafi gida bikin ƙanwarta ta yi mako bakwai, da ta dawo aka ce ta fara daga ɗaya, ta zauna a kujerar ofishina tana kuka. Ki ɗauko kalanda ki duba azumi da aikin Hajji da hutun yara kafin ki fara, in tafiya ta zama dole ki tambaya ko suna karɓar ziyara ta bidiyo a wannan watan. Kowace ziyara dole a rubuta nauyi da abin da aka tattauna na abinci da motsa jiki, in kin je don mura aka auna ki ba ya shiga lissafi.

Akwai kuma ganin masanin halayyar ɗan adam sau ɗaya, mutanenmu suna jin nauyin wannan, ba wai ana zargin kina da taɓin hankali ba ne, kowa sai ya yi, hira ce kan yadda kike cin abinci da damuwa da wanda zai kula da ke a gida. Sai gwajin nikotin a fitsari ko jini. Sigari da shisha da asara da sigarin lantarki duk suna fitowa, har filastar da ake mannawa don barin sigari tana fitowa. Ki bari da gaske makonni kafin gwajin kamar yadda likitan ya ƙayyade, wannan ba don inshora kaɗai ba ne, nikotin yana hana ɗinki warkewa yana kawo gyambo bayan baifas.

6. Tura fayil da bin sawu

Ofishin likita ne ke tura neman izini kafin tiyata, amma ki ce a nuna miki wasiƙar da likitan ya rubuta ta dalilin tiyatar kafin ta tafi. Ki duba abu uku: babban dalili shi ne a layin farko, an ambaci kowane gwaji da kwanan watansa, kuma an bi sharuɗɗan kamfanin ɗaya bayan ɗaya an nuna inda kika cika kowanne. Ki rubuta lambobin aikin a littafinki, 43644 ita ce ta baifas da kyamara, 43775 silib, 43774 cire zobe da kayansa. In za a cire zobe a yi wata tiyatar a rana ɗaya dole lambobin biyu su kasance a neman. In kika ga 43659 ki san lambar "aikin da ba shi da lamba" ce, irinta takan daɗe ana dubawa da hannu.

A yawancin tsare-tsaren wurin aiki da na kasuwa kwana 15 gare su su ba da amsa. Bayan kwana uku da turawa ki kira da kanki ki tambaya sun karɓa kuma shafi nawa suka karɓa, har gobe da faks ake wannan harkar kuma na sha tura shafi sittin a ce arba'in suka isa, waɗanda suka ɓata kuma su ne na gwajin.

7. In suka ƙi

Kar ki karaya, ƙin farko a harkar gyara abu ne na yau da kullum. Ki karanta wasiƙar har ƙarshe ki nemo dalilin, iri uku ne, biyu a nan na ukun a mataki na 8. In takarda ce ba ta cika ba a cika a sake turawa. In sun ce tiyatar ba ta zama dole ba, a ranar ki kira ofis ki ce likitan ya nemi magana ta waya da likitan kamfanin, likita da likita, lokacin neman wannan ɗan kaɗan ne wani lokacin kwanaki kawai, kuma na ga kiran minti goma ya juya hukunci, na baiwar Allahn nan mai filo uku ma ta haka aka samu. In bai yi ba sai ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, a tsarin wurin aiki da na kasuwa kwana 180 gare ki daga ranar da wasiƙar ta zo, su kuma kwana 30 su amsa tunda ba a yi aikin ba tukuna, a Medicaid wa'adin ya fi gajarta, kwana 60 ne a kamfanonin da ke gudanar da ita, bayan nan akwai zaman sauraron ƙara na jiha. Kina da haƙƙin neman kwafin duk abin da suka dogara da shi kyauta, ki nema. Ki haɗa da wasiƙarki ta shafi ɗaya da bakinki, da wasiƙar likitanki na yau da kullum, ki aika ta hanyar da za a ba ki shaidar isa.

In sun sake ƙi akwai mataki na waje, likitocin da ba ma'aikatan kamfanin ba su duba, wata 4 gare ki ki nema, su yanke cikin kwana 45, kuma in suka ce a biya dole kamfanin ya biya. In halin da kike ciki na gaggawa ne, kamar ba ki iya riƙe ko ruwa, likita zai iya neman a yi duban cikin awa 72. Amma mai amai ba tsayawa ko ciwon ciki mai tsanani ko baƙin bayan gida ba ta zaman jiran wasiƙa, ɗakin gaggawa za ta je a daren.

8. In tsarin ba ya biya sam

Dalili na uku shi ne an cire tiyatar daga tsarin, wannan ɗaukaka ƙara ba ta cika tasiri a kai ba. Duk da haka ki sa ofis ya bincika ko za a biya gyaran matsalar a matsayin ciwo mai zaman kansa, kamar cire zoben da ya ci cikin tumbi, wasu tsare-tsaren suna biya wasu sun rubuta ƙarara ba sa biyan matsalar aikin da ba su amince da shi ba. In hakan ne ki jira lokacin canjin inshora, na wurin aiki yawanci ƙarshen shekara ne, na kasuwa a yawancin jihohi yana buɗewa 1 ga Nuwamba, ki duba tsarin maigidanki ki duba na kasuwa, tun 2014 ba wanda zai ƙi karɓarki don kina da ciwo tun da, amma ki karanta shafin abubuwan da ba a biya kafin ki sa hannu. A wurin aikin da ke biya daga aljihunsa za ki iya rubuta wa ofishin ma'aikata ki roƙi a yi miki rangwame na musamman, su ke da ikon. In da kuɗinki za ki yi, doka tun 2022 ta ba ki haƙƙin rubutaccen ƙiyasin kuɗi kafin aiki, ki tambaya in matsala ta taso bayan sallama wa zai biya. Komawa waje don gyara ni dai ba na ba da shawara, yoyon ɗinki yakan bayyana ne kwanaki bayan aiki lokacin kina jirgi ko kin sauka babu likitan da ya san cikinki. In kuma nauyi ne kawai damuwar ki yi wa likita maganar allurai irin su Wegovy da Zepbound, ana ba waɗanda aka yi wa tiyata, wasu da su suka tsaya ba a sake buɗe su ba. Akwai kuma tsuke mahaɗar baifas ta baki ba yanka, sai dai kamfanoni da yawa suna ce masa aikin gwaji su ƙi biya.

9. In an amince

Ki karɓi wasiƙar amincewar a hannunki ki duba lambobin aikin da sunan asibitin da ranar da izinin zai ƙare, in aka ɗage tiyatar ta wuce ranar sai an sabunta. Kar ki canza aiki ko inshora kafin ranar, izinin ba ya bin ki zuwa sabon kamfani. Amincewa ba ta nufin kyauta, ki tambayi nawa ya rage a kason farko da ke kanki da kuma iyakar abin da za ki biya a shekara, yawancin tsare-tsare 1 ga Janairu lissafin ke komawa sifiri, to in kin riga kin biya na endoskofi da gwajin barci a bana ki yi ƙoƙari tiyatar ta faɗo kafin Disamba ta ƙare. Hutun FMLA mako 12 ne ba albashi amma aikinki na nan, ga wadda ta yi shekara da awa 1,250 a wurin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama, ki kai fom ɗin ofishin likita da wuri.

Ki zauna da likitan ya faɗa miki me za ki sa rai, juya silib zuwa baifas yana maganin ƙwannafi sosai ga yawancin mutane amma nauyin da ake ragewa bai cika kai na karon farko ba. Bayan baifas ibuprofen da diclofenac da ire-irensu sun fita daga akwatin maganinki, har waɗanda ake aiko miki daga gida don ciwon ƙafa, bitamin da maganin ƙarin jini na ayan da B12 kuma na har abada ne. Mai son haihuwa ana cewa ta jira wata 12 zuwa 18. Ki kuma tambaye shi maganar azumi kafin a tsayar da rana, don a watannin farko kurɓa-kurɓa ake shan ruwa wuni guda kuma likitoci sukan hana azumi a lokacin, in Ramadan ya kusa ki faɗa masa tun yanzu a zaɓi ranar da sanin haka, sannan ki nemi malaminki kan maganar ramuwa.